Mutanen Gefen Takarda

Zuwa ga yayana Didam, wanda ya riga mu hutawa.

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ina fata ka isa lafiya, an kuma karɓe ka hannu bibbiyu. Idan ka tambaye mu, muna nan yadda ka bar mu. Damina ta kankama, citta ta rufe gonaki a Kwoi, ciwon gwiwata kuma bai san an yi rasuwa ba balle ya sassauta mini. Matarka Laraba ta fara cin abinci kaɗan-kaɗan, sai dai har yau ba ta yarda kowa ya zubar da ruwan gwangwanin da kake wanke buroshi a ciki ba. Ruwan ya bushe da kansa.

Dalilin wannan wasiƙa shi ne zanenka na ƙarshe, wanda ka yi na ranar da aka binne Mama, wanda ka ce nawa ne. Ya bar gida, Yaya. A gabana aka naɗe shi aka ba da shi kyauta, ni kuma na bi sawunsa don in karɓo. Zan gaya maka abin da na tarar, amma ka san halina, ba na iya miƙe labari sai na zagaya. Na kuma san a shafina nake rubutawa, inda kowa zai leƙa, har da masu kwasar magana su kai inda ba a aike su ba. Su kwasa. Da kai nake.

Don masu leƙen ne zan faɗi abin da kai ka riga ka sani. A gefen hagu na zanen nan akwai fuskar mahaifiyarmu, ba ta fi girman babban yatsana ba. Yawancin hotunanta sun ƙone tare da ɗakinta. Ɗaya biyun da suka rage a wurina ba ita ba ce, wata tsohuwa ce da ta ƙame a gaban kyamara kamar mai jiran allura. A zanenka kaɗai Mama take Mama, kuma ita na je nema.

Amma bari in fara daga falon Baba a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan, don a can cutar nan ta kama ka.

Ka tuna zane-zanen nan na bango? Kafin a haife mu Baba ya yi wa wani Baturen reluwe kuku, wanda ake ce wa Mai Lofe. Mutumin ya yi shekaru a ƙasar Indiya kafin a turo shi nan, kuma a can ya riƙa zana 'yan'uwansa Turawa da fentin ruwa, irin wanda ake jiƙa buroshi a goga a kan 'yar ƙwayar launi. Da zai koma gida ya nema wa Baba aiki a loko, wurin gyaran kan jirgi, ya kuma bar masa zanen nan cikin gilashinsu. Wataƙila nauyi suka yi masa a akwati. Baba bai taɓa kawo wannan a ransa ba, shi a wurinsa gado aka ba shi.

Har yanzu ina ganinsu. Akwai ƙaton Baturen da ya miƙe a doguwar kujera, tumbi a sama, wani Ba'indiye ya durƙusa yana sa masa safa, wani kuma yana jan igiyar babban maficin ƙyalle da aka rataye a rufi. Akwai Baturiyar da ƙarti suka ɗauko a kafaɗa cikin akwati mai labule, ɗan karenta a cinya, fuskarta ja kamar tumatir. Akwai masu cin abinci cikin baƙaƙen kwat a tsakiyar zafi, gumi yana ɗiga daga hancinsu cikin miya. Sai maharbin da ke bisa giwa, ya saita bindiga gabas, damisar kuma tana kwance ta yamma tana hamma.

Kowace Asabar Baba zai sauke su, ya goge gilashin da tsohuwar jarida, ya mayar kusa da kalandar majami'a. Baƙo bai isa ya sha ruwa ba sai an zagaya da shi. "Ku duba da kyau," in ji Baba, "haka manyan mutane ke zama." Har kafinta ya sa ya yi masa doguwar kujera irin ta zanen, mai dogayen hannuwa na ɗora ƙafa. Ya dawo daga loko baƙi ƙirin da mai, ya yi wanka, ya miƙe a kanta, ya ƙwala kira. Da yake ba mu da maficin rufi, ni ce maficin, da murfin kwali a hannu. Kai kuwa kullum daidai lokacin ne cikinka yake murɗawa.

Mama ba ta tsayawa ta kalle su, sai dai in shara ta kai ta wurin. Sau ɗaya ta miƙe da tsintsiya a hannu ta ce, "Wannan mutum, hannun shi ya karye ne da wani ke sa mishi safa?" Baba ya ce mata abin da ba ta sani ba ya fi ta yawa. Ta sunkuya ta ci gaba da shararta.

Kai ne ka fara dariya. Kana ajin farko na sakandare, ka hau kujera wai za ka taya Baba saukewa, sai ka tsaya da hancinka a jikin gilashi. Ka ga mai jan igiya ashe a babban yatsan ƙafarsa ya ɗaura ta, shi kuma barcinsa yake sha. Ka ga mai kawo miya ya tsoma yatsa a ciki har gaɓa. Ka ga wanda ke bayan giwa ya toshe baki da jelar rawani, kafaɗunsa sun ɗaga. Ka ce, "Baba, ai ba'a ake musu." Marin da ka sha ranar, ni da ke riƙe da kujerar sai da kunnena ya yi ƙara. Baba ya ce Bature ba ya ɓata fenti a kan wasa.

Ba ka haƙura ba, taurin kai irin na gidanmu. Da Kirsimeti ka jawo mana malaminku na lissafi daga makarantar Kagoro, ɗan Indiya, siriri mai tabarau, don ya zama shaidarka. Mama ta kusa yin kuka da ta ji ba ya cin nama, ga shi an yanka akuya. Ya daɗe tsaye gaban zanen, hannuwa a baya. Sannan ya ce gaskiyarka, ba'a ce. Ya ce Turawan da kansu suke zana irin wannan, su miƙa wa juna a kulob ɗinsu su yi ta dariya, in sun gama su kira boyi ya ƙaro musu giya. Shi dai bai yi dariya ba. Ya ɗora yatsa a kan gilashi daidai mai jan igiya, ya ce aikin kakansa ke nan har ya mutu.

Kai rabin farko ka ji, ka fita tsakar gida kana tsalle. Ni da ke tsaye da tiren kofuna na ji rabi na biyu, amma ban gane shi ba sai bana. Baba kuwa ya ce hassada ce irin ta wanda aka mulka, kamar mu ba a mulke mu ba. Zanen suka ci gaba da zamansu a bango har jirgi ya daina zuwa, muka bar kwatas, gara ta bi ta bayan katako ta cinye su tas.

Amma kai sun riga sun shige ka. Ka zama mai rubuta allon shaguna, rabin kemis da shagunan askin Kafanchan hannunka ne, har da bayan motocin citta. Wannan na neman abinci ne. Na ranka shi ne na ranar Lahadi bayan sujada, ka shimfiɗa takarda mai kauri a kan tebur a baranda, gwangwanin ruwa a gefe, ka hana kowa ko jingina da teburin. In na tambaye ka me ya sa kake ba azzalumai wuri mafi kyau, amsarka ɗaya ce: "A ba oga tsakiya, shi yake so. Ni a gefe nake aikina."

Ka zana dillalin cittan nan na Kachia zaune bisa buhuna yana sakace, a gefe mata suna tsaga citta da yatsu ɗaure da tsumma, mai awonsa kuma ya tallafe sikeli da ƙafa ta ƙasa. Mutumin ya gani, ya ce ba a taɓa fitar da shi haka ba, ya rataye shi a saman sikelin nan dai. Ka zana ranar baikon godiya, attajirin majami'a yana rawa da rago zuwa bagade, mai kyamara yana ja da baya a gabansa, can gefe wata tsohuwa tana ɓoye ɗan ƙullin accarta a bayan zaninta. Wannan kalanda aka buga da shi. Na gan shi a ofishin fasto, na gan shi a rumfar mai facin taya.

Mutum ɗaya ne ya taɓa yin fushi da zanenka, ni ce. Lokacin da aka ba ni shugabancin makarantarmu ta firamare, ka zana ni tsaye gaban yara, ƙirji a gaba, bulala a hammata, a gefe kuma wasu ja'irai sun jera suna kwaikwayon tafiyata. Na daɗe ban gaishe ka ba. Kai kuwa ka bi dangi kana ba da labari da murna kamar wanda aka yi wa haihuwa, wai ga shi aikinka ya ci. Zanen yana ƙasan akwatina har yau, ban rataye shi ba kuma ba zan rataye ba.

Na sha gaya maka ka rubuta a ƙasan na manyan nan da manyan baƙaƙe cewa wannan zagi ne, tun da rubutun allo sana'arka ce. Ka ce in an rubuta ya lalace. Ka ce wata rana ɗansu ko jikansu zai hau kujera ya sa hanci a gilashi. Da farko da dariya kake faɗi. Daga baya ka riƙa faɗi ba dariya, daga baya kuma ka daina faɗi.

Sai abin da ya faru da Mama. Bayan rasuwar Baba ta koma ƙauyensu a bayan dutsen Kagoro, wai ita ba za ta zauna a gari tana sayen acca a mudu ba alhali ƙasar ubanta tana kwance. Mun yi lallashi, mun yi faɗa, ta ce mu je mu ba 'ya'yanmu umarni. 'Yan bindiga suka shiga ƙauyen a daminar bara. Ba zan ba da wannan labari ba. Masu karanta wannan a yankinmu kowa yana da irin nasa, kuma na gaji da yadda ake sauraronsa. Rami ɗaya aka haƙa musu duka.

Ba a gama mayar da ƙasa ba motocin ta'aziyya suka iso. Honarabul ne da tawagarsa, wanda ba sai na faɗi sunansa ba, ɗan yankinmu, da shi kuka yi firamare. Kafin ya sauko an riga an kafa masa rumfa, an jera kujeru masu farar riga. Mu masu gawa muna kan benci da duwatsu. Ya yi jawabi, muryarsa ta yi rawa inda ya kamata, ya yi alkawarin da aka saba yi. Sannan aka buɗe kulolin abinci. Na ga wani ya riƙe masa lema alhali yana cikin rumfa, wani ya riƙe masa robar ruwa, wani ya tsuguna yana goge masa jar lakar kabari daga takalmi. Na juya in ga ko kana gani. Yatsanka yana tafiya a kan gwiwarka.

Ka ɗauki makonni kana zanen ba ka nuna wa kowa ba. Ranar da na zo daga Kwoi ka kira ni baranda ka ɗage ƙyallen. Ga Honarabul a tsakiya, cinyar kaza a hannu ɗaya, waya a ɗayan, ga mai lema, ga mai takalmi. Na ce to, irin na kullum. Ka ce in duba gefe. Na ɗauka mu zan gani a kan benci, ashe ba mu ka zana ba. Waɗanda aka binne ne, dukansu, tsaye a bakin takarda cikin kayansu na gona, suna kallon masu cin abinci. Ga mai wa'azin ƙauye da ɗan rediyonsa, ga matar nan mai ciki da ke toya ƙosai, ga tagwayen maƙwabta riƙe da hannun juna. A gabansu duka ga Mama, ta naɗe hannu a ƙirji, ta karkace baki yadda take yi in magana mai zafi ta iso harshenta tana auna ko ta sake ta.

Dariya ce ta fara ƙwace mini, Allah ya gafarta mini, irin wadda ban yi ba tun ranar. Daga nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu na yi a bakin ramin ba. Ka bar ni har na gama. Sannan ka ce, "Wannan ba na sayarwa ba ne, ba na kyauta ba ne. In na tafi, naki ne." Na ce ka ba ni yanzu mana. Ka ce akwai sauran gyara a hannun mai lema, kuma rufin ɗakina yana yoyo. Daga ni sai kai a barandar, ba wanda ya ji.

Ba ka fara wani zane ba bayan shi. Kowace Lahadi hannun mai lemar nan kake ta taɓawa, ina jin ba ka so ka gama ne. Bana kafin ruwan fari hawan jini ya kayar da kai a bakin wani shago, gwangwanin fenti a hannu. Kwanakin da ka yi a asibiti bakinka bai buɗe ba. Na zauna kusa da kai ina ta ba ka labaran banza don in ga ko gefen bakinka zai motsa. Maganar zane ko zuwa raina ba ta yi ba, wa yake tunanin rabon kaya alhali mutum yana numfashi?

Jana'izarka ta yi jama'a, Yaya, da ka gani da ka nemi takarda. Honarabul ya aiko da sa, da rumfuna, da kujerun nan masu farar riga. Ya zo da kansa ya ce yankinmu ya yi rashin ɗan baiwa. Ba zan yi ƙarya ba, naman nan ya rufa mana asiri, don baƙin da suka zo daga Kachia da Kwoi da ƙauye sun fi ƙarfin tukunyarmu.

Bayan kwanakin makoki aka yi abin da aka saba, mazan gida suka buɗe ɗakinka don raba kaya. Baba Yohanna, ƙanen Baba, shi ne babba yanzu, shi ya zauna a kujera. Mu mata muna bakin ƙofa. Aka raba riguna, aka ba da babur, gwangwanayen fenti ba wanda ya so. Da aka warware zanen sai ɗakin ya ɗauki murna. Ashe tun ranar jana'iza abin da ke damunsu shi ne me za a riƙa a je wa Honarabul godiya, don sun ga zakara ya yi kaɗan, akuya ma da kunya. Ga shi kuwa Allah ya kawo hotonsa, kamar ya yi magana.

Na sa baki daga bakin ƙofa, abin da ba a yi. Na ce nawa ne, kai ka ba ni. Na ce Mama tana ciki. Da na ga ba a ji ba, na ce zagi ne fa, zagin mutumin aka yi. Baba Yohanna ya sa tabarau ya kawo takardar kusa da fuska, ya daɗe yana dubawa, kuma tsakani da Allah yake dubawa. Ya ce, "Wane zagi, Saratu? Mutum na cin abinci, cin abinci zagi ne? Waɗannan na gefe ai jama'a ne da sun zo taro." Bai gane matar wansa ba, wadda ta yi shekaru tana zuba masa tuwo. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Ke 'yar gidan wasu ne yanzu. Hoton mutum, a gidan shi ya kamata ya zauna." Laraba tana zaune da baƙin ɗankwali, mai makoki ba ta da baki a taron maza. Na ɗaga waya da sauri na ɗauki hotonsa kafin a naɗe, ɗakin ba haske. Abin da ya fito a gefen hagu bai fi tabon shayi ba.

Na so in ji haushin tsohon nan, na kasa, kuma wannan ya fi ci mini rai. Ba mugunta ya yi ba. Ya ga babban mutum a tsakiyar takarda ya girmama shi, yadda aka koya masa, yadda wansa ya yi a falonmu.

Sai na lallashi kaina da wani tunani. Na ce Honarabul ya yi boko har ƙasar waje, ba zai kasa gani ba. Zai duba gefe, ya gane su wane ne, ransa ya ɓaci, ya jefo mana abinmu ta kan katanga. Har addu'a na yi ya yi fushi yadda na yi da nawa. Na jira saƙon faɗa, shiru. Da shirun ya yi yawa na shiga motar Kafanchan, ina ta tsara maganata a hanya. Na yanke zan roƙe shi ko aro ne ya ba ni, in kai a ɗaukar mini fuskar da kyamara mai kyau in dawo masa da abinsa.

Na yi zaman jira a ƙofar gidansa cikin masu neman aiki da masu takardar asibiti har rana ta karkata. Da labari ya kai masa cewa ƙanwarka ce, ya ce a shigo da ni nan take.

Yana nan a falo, Yaya, a saman talabijin, tsakanin lambobin yabo, cikin firam mai ruwan zinariya. Tun daga ƙofa na ga ya ƙanƙance. Na matsa. Ga Honarabul, ga kazarsa, ga wayarsa, ga lema da rabin hannun mai riƙe ta, hannun nan da ka ƙare rayuwarka kana gyarawa. Daga nan sai zinariya. Babu mai wa'azi, babu tagwaye, babu kowa. Na leƙa ta gefe ko firam ɗin ne ya rufe su, na ga an yanke bakin takardar ne.

Ya zo ya tsaya kusa da ni ya kama hannuna. Idonsa ya kawo ruwa, kuma ba na ƙarya ba ne, na san hawayen ƙarya, shekara da shekaru ina cikin yara. Ya ce, "Sista, brodanki ya san zuciyata. Dubi fuskana, ko abincin ma ban ji daɗin shi ba ranan. Shi kaɗai ya gani." Ya ce duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa.

Ka san abin da na yi? Duk maganar da na haddace a mota ta gudu. Na durƙusa da gwiwar nan mai ciwo na ce mun gode, Allah ya ƙara girma. Bakina ne ya faɗa da kansa, haka aka rene shi. Aka kawo mini lemon kwalba na sha.

A bakin get na tambayi ɗaya daga cikin mutanensa inda aka sa gilashin. Ya kwatanta mini shagon Malam Sani mai gilashi, a bayan kasuwa. Ɗan acaba ya kai ni cikin yayyafi. Tun daga nesa na gane allon shagon, hannunka ne. Da na faɗi ko ni wace ce, dattijon ya miƙe tsaye ya yi mini ta'aziyya, ya ce kakanninsa da namu kasuwa ɗaya suka ci, ya ce kai mutumin kirki ne sai dai tsokana. Ya goge benci ya ba ni.

Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce da firam ɗin aka zo, sayayye daga Abuja, zanen kuma ya fi shi faɗi. Ya ce ya tambayi wanda ya kawo ko a haɗa wani daidai da takardar, mutumin ya ce oga ne hoton, sauran ciko ne. Sai ya ɗora rula ya bi da reza. Ya ce bai iya zubar da abin da ya yanke ba, don aikin Didam ne, ya ajiye shi a kan teburinsa.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce yana ina.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Madam, akwai wata tsohuwa a ciki, ta karkace baki tana harara ta. Ina yanka gilashi idonta yana kaina, ina cin abinci idonta yana kaina, kamar za ta faɗa mini abin da ba na son ji. Wallahi kasa sakewa na yi a shagona. Shi ne na fitar da shi waje cikin kwalaye."

Muka zagaya bayan shago tare. Kwalayen suna jingine da bango daidai inda indararo yake zuba. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, duk sun jiƙe sun yi laushi. Ya same shi a can ƙasa, doguwar takarda mai faɗin tafin hannu. Takardar mai kyau ce, ba ta yage ba, dama a kan takarda ba ka rowa. Fara ce fat, in ban da wani dishi-dishin ja da shuɗi da ya gangara ya taru a gindinta.

Na ce masa tsohuwar nan uwata ce. Ya yi salati ya zauna a kan bulo cikin yayyafin nan, ya yi ta ba ni haƙuri har ni na koma ba shi.

To ka ji, Yaya. Duk tsawon rayuwarka kana jiran wani daga waje da zai dubi gefe abin ya sosa masa rai. An samu. Mutumin kirki ne, ba shi ka nufa ba, kuma da abin ya dame shi waje ya kai shi. Kai ka koya mini cewa in ba a iya ture babba ba, ana iya yi masa dariya, kuma dariyar tana rage masa wani abu. Ba ta rage komai. Ya ƙara ƙiba, ya sami abin ado a falo. A watan jiya an sake shiga wani ƙauye, an sake kafa rumfa, kujerun nan dai aka jera. Na tsaya gaban yaran makarantata ina gaya musu su riƙa faɗin gaskiya, sai na ji muryata kamar ta wata.

Abin da ya zaunar da ni na rubuto maka shi ne abin da ya same ni ranar Lahadi. Zumuntar mata suna cikin waƙa, na rufe ido in kira fuskar Mama yadda ka zana ta, sai na kasa tuna ta wane gefe take karkace bakin. Na ce dama ne. Bayan sujada na kira Laraba, ta ce ita tana ganin hagu ne. Na tsaya gaban madubi na gwada duka biyun, ba wanda ya yi kama da ita. Tsoro nake ji, Yaya. An kashe ta ina Kwoi ban gani ba, yanzu kuma tana tafiya a hankali ina kallo, ba kuma inda zan kai ƙara.

Ubangiji ya ba ka hutu, ya ba Mama, ya ba duk waɗanda ka tsayar a bakin takardar nan. Ya ta'azantar da Laraba. Ya gafarta wa Baba Yohanna da Malam Sani, don ba su da laifin da ya fi nawa. Ƙasar nan kuwa, na buɗe baki in yi mata addu'a ban sami kalma ba, sai dai mai sauran ƙarfi ya yi. Idan kana kusa da Mama, kada ka gaya mata na durƙusa. Ka dai dube ta da kyau, ka riƙe mini fuskar har in zo.

Ni ce ƙanwarka da ba ta iya zane ba,
Saratu, daga Kwoi.